Allurar Cike Kumatu: Shin Tsufa Aibi Ne Da Ake Gyarawa?

 

Cikin watannin nan akwai tambayar da ta riƙa maimaituwa a saƙonnin da ake turo mini, galibi daga mata, wasu daga nan Tudun Wada, wasu daga Sabon Gari da Samaru, wasu har daga Kaduna da Kano. Lafazin ya bambanta amma maganar ɗaya ce: "Malam, akwai wata allura da ake yi a fuska, idan kumatu sun faɗa saboda shekaru sai ta dawo da su. An ce ba yanka ake yi ba, jikin mutum ne da kansa yake cike wurin. Ya halatta?"

Da can irin wannan sai labarin 'yan fim na Indiya da Amurka. Yanzu tallan yana cikin wayar kowa. Wuraren gyaran fata na Abuja da Legas suna ɗora hoton mace kafin allura da bayan allura a Instagram da TikTok, uwargidan da ke zaune a tsakar gidanta a Zariya tana gani. Ko ba ta da kuɗin yi, hoton ya riga ya gama aikinsa, domin daga ranar da wani ido daban take kallon madubi.

Zan faɗi abin da na fahimta. Amma malamai suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa, don haka bari mu fara sanin ita allurar.

MECE CE ALLURAR?

A cikin fatar ɗan Adam akwai wani sinadari mai kama da zare da likitoci ke kira kolajin. Shi ne saƙar da ke riƙe fata ta yi tauri ta yi sulɓi, kuma shi ne furotin mafi yawa a jikin mutum. Bayan mutum ya gama girma, jiki yakan fara rage yin sa kaɗan kaɗan, kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Ga mata raguwar tana yin sauri a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada. A lokaci guda kitsen da ke ƙarƙashin kumatu yana raguwa yana zamowa ƙasa, ƙashin fuska ma yana ɗan zaizayewa. Wannan ne ya sa kumatu ke faɗawa, gefen goshi ya loɓa, layi biyu su fito daga hanci zuwa gefen baki.

Alluran cike fuska iri biyu ne. Akwai wanda ake zuba wani abu mai kauri kamar kunu ya cike wurin nan take, mafi yawansa daga sinadarin hayaluronik. Akwai kuma wanda ake tambayata a kansa, mai zaburar da jiki ya saƙa sabon kolajin. Sanannu a cikinsu su ne Sculptra da Radiesse. Sculptra ƙananan ƙwayoyi ne na dangin abin da ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da shi. Radiesse kuwa an yi shi da irin sinadarin da ke cikin ƙashi da haƙori. Idan aka zuba su ƙarƙashin fata, jiki yana ɗaukar su a matsayin baƙi, sai ya kewaye su da sabon kolajin, su kuma ƙwayoyin su narke a hankali. Sculptra ba a yin ta sau ɗaya, yawanci zama biyu ne ko uku da tazarar makonni, sakamakon yana fitowa cikin watanni, ya kai kamar shekara 2, sannan a sake komawa.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Asalin shaharar wannan allura a wurin marasa lafiya ne. Wasu daga cikin magungunan farko na cuta mai karya garkuwar jiki, musamman wanda ake kira sitabudin, suna cinye kitsen fuska. Mutum yana shan magani, yana samun sauƙi, amma kumatunsa sun zurma, kowa ya gan shi a hanya ya san abin da yake ɓoyewa. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Sculptra domin waɗannan bayin Allah. Sai a 2009 aka faɗaɗa izinin zuwa ga masu lafiya masu son goge layukan fuska. Radiesse ta samu nata izinin a 2006. Mu ma abin bai tsallake mu ba. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta fara shirin raba magungunan wannan cuta a 2002, sitabudin yana cikin haɗin farko da aka riƙa bayarwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina shi a ƙarshen 2009 saboda illolinsa.

To kun gani. Kwalba ɗaya, sirinji ɗaya. A fuskar wani sutura ce daga tsangwamar mutane. A fuskar wata kuma gudun shekaru ne. Shi ya sa wanda ya ce "halal ne" kai tsaye da wanda ya ce "haram ne" kai tsaye duk sun yi gaggawa.

MA'AUNIN SHARI'A

Ma'aunin da malamai suka kafa a wannan babi ya tsaya ne a kan nassoshi biyu da suke fuskantar juna.

Na farko ƙissar sahabi Arfaja ɗan As'ad, wadda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ku lura, zinare haramun ne ga namiji, amma aka halatta masa domin a mayar masa da fuskarsa. Addinin nan bai ce wa mai naƙasa ya yi haƙuri kawai alhali akwai hanyar gyara ba.

Na biyu hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud a Bukhari da Muslim, wanda ya zo da tsinuwa a kan masu zane a fata, da masu tsige gira, da masu goge haƙora su yi wushirya don neman kyau, aka siffanta su da masu canza halittar Allah. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i kuma ta lissafa canza halitta cikin abubuwan da Shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane da su.

Abin da ya ja hankalina shi ne bayanin Imam Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim. Ya bayyana cewa masu yin wushiryar nan galibi matan da suka manyanta ne, suna yi don a ɗauke su yara, tunda 'yar tazarar nan tsakanin haƙora a bakin 'yan mata ake samunta. Ya kuma bayyana cewa ƙaidin neman kyau da ya zo a hadisin yana nuna idan don magani ne ko don wani aibi a haƙorin, babu laifi. Wato matsalar da muke zaton sabuwa ce, ta allura da intanet, tsohuwa ce. Kayan aikin ne suka canza, daga magogin haƙori zuwa sirinji.

Daga nan malamai suka ce: kawar da aibi da mayar da gaɓa yadda Allah Ya halicce ta magani ne, amma taɓa lafiyayyar halitta don ƙarin kyau ko ɓoye shekaru shi ne abin hani. Misalin na farko yana kusa da mu. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wanda aka kafa a 1999, inda likitoci ke sake gina fuskar yaran da cutar ta cinye wa kunci da leɓe. Babu malamin da zai ce wannan canza halitta ne. Wannan aikin lada ne, kuma wanda Allah Ya hore wa ya taimaka.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC mai mazauni a Jidda, ta zauna a kan wannan batu a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya, a watan Yuli 2007. A ƙudurinta mai lamba 173 ta halatta gyaran naƙasar haihuwa kamar tsagaggen leɓe, da wadda ta faru daga baya kamar ƙuna da haɗari da cuta, da munin da ke cutar da mutum a jiki ko a rai. Game da tattarar fata kuwa, ta ce ba ya halatta a kawar da ita da tiyata ko da allura, sai in ta zama yanayi na rashin lafiya, kuma da sharaɗin a aminta daga cutarwa.

Saboda haka duk maganar ta dawo kan tambaya ɗaya: faɗawar kumatun mace mai shekara 50 aibi ne?

TSUFA CUTA NE?

A nan nake son mu tsaya, domin a nan ne aka yi mana sata ba mu sani ba.

Aibi shi ne abin da ya fita daga yadda aka saba ganin halittar mutane. Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe ya fita daga yadda ake haihuwar yara. Matar da wuta ta ƙona wa fuska ta fita daga yadda take. Amma wadda ta kai 50 fuskarta ta nuna 50, daga me ta fita? Haka fuskar mahaifiyarta ta yi, haka ta kakarta. Aya ta 54 a Suratur Rum ta jera matakan rayuwar mutum, rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura, kuma ta jingina dukkansu ga halittar Allah. Matakin ƙarshen nan yana cikin tsarin tun farko. Hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya kwaɗaitar da neman magani, ya nuna kowace cuta tana da nata, sannan ya ware abu ɗaya, tsufa. Ita kanta allurar shaida ce a kan haka: bayan shekara 2 sai an koma, kuma duk komawa fuskar da ake kai wa likita ta fi ta baya shekaru.

Mai sayar da kaya ba ya samun kasuwa sai ya fara gamsar da kai cewa kana da matsala. Wanda zai sayar maka da maganin tsufa dole ya fara sa maka suna mara lafiya. Kuma babu kasuwar da ta kai wannan albarka a wurin ɗan kasuwa, tunda duk wanda bai mutu da wuri ba zai zama mai saye. Da zarar mun yarda tsufa aibi ne, mun yarda cewa kowace uwa a cikin gidajenmu naƙasasshiya ce. Ni dai ban yarda ba.

Kuma tsufan fuska yana da aikin da yake yi wa mai shi. Wasu daga cikin magabata sun fassara mai gargaɗin da aka ambata a aya ta 37 ta Suratu Faɗir da furfura. An kuma ruwaito hani daga tsige furfura, aka kira ta haske ga Musulmi. Madubi yana yi mana wa'azin da ba ma iya kashe shi kamar yadda muke kashe rediyo. Wanda ya ga kumatunsa sun fara faɗawa ya san la'asar ta yi, ya kamata a fara tattara kaya, a biya bashi, a nemi yafiyar mutane.

HUJJOJIN MASU HALATTAWA

Adalci ne in kawo abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, domin akwai malamai na wannan zamani da suka sauƙaƙa, kuma ba da son zuciya suka yi ba.

Suna cewa: ai Shari'a ta yarda a rina furfura. Ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza masa launin amma a nisanci baƙi, kamar yadda Muslim ya ruwaito. In an yarda a rufe alamar tsufa a gashi, me ya hana a kumatu? Suna ƙarawa da cewa allurar ba dawwamamma ba ce kamar zane, kuma ba sabuwar siffa take kawowa ba, tsohuwar take dawowa da ita. Sannan ado ga miji abin nema ne.

Hujjoji ne masu nauyi. Ga abin da ya sa ban bi su har ƙarshe ba.

Rini da lalle da kwalli a saman jiki suke, kuma ba sa ƙarya. Duk wanda ya ga dattijo da jan gemu ya san lalle ne, ya kuma san akwai furfura a ƙasa. Kuma a cikin hadisin kansa an cire baƙi, wanda da yawa daga malamai suka ce dalilinsa shi ne baƙi ne launin da ke sa tsoho ya wuce a matsayin yaro. Wato an buɗe ƙofar ado, an ja ta ruɗi. Allurar kuwa cikin nama take shiga, kuma abin alfaharinta a tallan shi ne wai babu wanda zai gane an yi.

Batun cewa ba ta dawwama, abin da zai zauna a naman fuska shekara 2 ba ajinsu ɗaya da hodar da ake wankewa kafin alwala ba. Allurar hayaluronik tana da maganin da ke narkar da ita idan an yi kuskure. Waɗannan masu zaburar da kolajin ba su da irin wannan maganin. In ta ɓaci sai jira, ko wata allurar, ko wuƙar likita.

Don haka abin da na fi natsuwa da shi shi ne matsayar Majalisar Fiƙihu. Wanda cuta, ko magani, ko haɗari ya ramar wa fuska, ko matashiyar da fuskarta ta zurma fiye da shekarunta har abin ya hana ta shiga mutane, wannan magani ne, ta je wurin ƙwararren likita ba tare da jin nauyi ba. Wadda kuwa shekaru ne kawai suka yi aikinsu, barin shi ne ya fi tsira ga addininta. Wadda ta riga ta yi bisa fatawar malamin da ta amince da shi, ba na kiran ta da mummunan suna, kuma ban yarda wani ya kira ta ba. Mas'ala ce ta ijtihadi.

Amma wuri ɗaya babu saɓani. Idan an yi ne don a ruɗi mai neman aure game da shekaru, wannan algus ne, ko mace ta yi ko namiji. Eh, har da maza, domin Alhazan da ke neman 'yar shekara 20 su ma sun fara sanin hanyar waɗannan wurare.

GARIN NEMAN GIRA

Ko a wurin masu halattawa akwai sharaɗin rashin cutarwa, kuma a ƙasarmu wannan sharaɗi ba ƙaramin abu ba ne.

Sananniyar illar waɗannan allurai ita ce ƙulluttai da ke fitowa ƙarƙashin fata, wani lokaci watanni bayan an yi. Mafi muni kuma, in allurar ta faɗa cikin jijiyar jini tana iya toshe ta, fatar wurin ta mutu. Jijiyoyin da ke kusa da hanci da goshi suna haɗe da na ido, shi ya sa an samu waɗanda suka makance. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya faru har FDA ta fitar da gargaɗi a kansa a 2015. Wannan fa a hannun likitoci ke nan. Ina ga wadda ta koyi abin a bidiyo, ta sayo kwalba ta intanet ba lambar NAFDAC, tana bi gida gida da jaka? Bahaushe ya ce garin neman gira a rasa ido. A nan karin maganar ba misali ba ce, zahiri ce.

Wani abu kuma. Faɗawar kumatu farat ɗaya ba kullum ne tsufa ba. Ciwon suga yana ramarwa, tarin fuka yana ramarwa, zubewar turamen haƙora tana sa kunci ya loɓa, damuwa da rashin barci ma haka. Mu a Zariya ba mu da uzuri. Ga asibitin koyarwa na ABU a Shika, ga cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye. Wadda ta ga fuskarta ta zube cikin 'yan watanni, gwaji take buƙata kafin komai. Cike kumatun mai ciwon suga ba a gano ciwon ba kamar shafe bangon da gara ta cinye ne.

Kuma abin mamaki, da yawa daga masu neman allurar da za ta ƙara musu kolajin, da hannunsu suke kashe wanda suke da shi. Mayukan bilicin da ake haɗawa da sitiroyid suna sirantar da fata, suna hana ta saƙa kolajin, ban da zaiba da ake samu a wasu, mai lalata ƙoda. Abin ya kai NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Taba da shisha su ma suna tsufar da fata, haka yawan zama a rana. A daina waɗannan kyauta ne, kuma babu malamin da zai yi jayayya a kai.

MAGANATA DA MAZA

In na tsaya a nan na zalunci matan da suka yi tambayar. Domin idan ka karanta saƙonnin da kyau, ba kumatu ne ke damun mafi yawansu ba. Tsoro ne. Wata ta ce maigidan ya fara yi mata ba'a da "tsohuwa" a gaban yara. Wata ta ce ya nuna mata hoton wata a waya ya ce ta ga yadda mata suke. Wata kuma an sa ranar kawo amarya, tana tunanin yadda za ta zauna kusa da yarinyar da ta haifi sa'arta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗan uwa, fuskar nan da kake yi wa dariya, a gidanka ta tsufa. Ciki bakwai, goyo bakwai, daren da aka kwana tsaye a kan yaro mai zazzaɓi kana barci, hayaƙin murhu, shekarun da albashi bai kai ƙarshen wata ba ta rufa maka asiri da 'yar sana'arta. Kowane layi a fuskar nan da sa hannunka a ciki. Sannan kai ma ka ɗauki madubi. Tumbin nan da sanƙon nan ba da su ta aure ka ba, kuma ba ta taɓa nuna maka hoton wani ba.

Ku tuna dalilin saukar farkon Suratul Mujadala. Khaulatu 'yar Sa'alaba ce ta zo tana kai ƙarar mijinta Ausu ɗan Samit, cewa ya more ƙuruciyarta, ta haifa masa 'ya'ya, da girma ya kama ta sai ya yi mata zihari. Nana A'isha tana cikin ɗakin amma wani sashe na maganar yana kuɓuce mata, Allah kuwa Ya ji, Ya saukar da hukunci, aka ɗora wa mijin kaffara mai nauyi. Kukan matar da aka wulaƙanta bayan ta tsufa yana da sura sukutum a Alƙur'ani. Mai yi wa matarsa gorin shekaru ya san da wa yake ja.

Ku kuma dubi Nana Khadija. Ta girmi Annabi (SAW), sun zauna kimanin shekara 25, bai yi mata kishiya ba har ta rasu. Bayan rasuwarta yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta, yana yawan ambatonta har Nana A'isha, wadda ba ta zauna da ita ba, ta ce ba ta yi kishi da kowa kamar yadda ta yi da ita ba. Ga Nana Saudatu, da girma ya kama ta ta bar wa A'isha kwananta, ta ci gaba da zama matarsa har ya bar duniya. Wannan ita ce sunnar da ba mu cika jin ana wa'azinta a wurin ɗaurin aure ba.

Ƙarin aure halal ne, ban ce komai a kansa ba. Amma mayar da shi bulalar da ake tsorata uwargida da ita har ta kai fuskarta ga allurar da ba ta san asalinta ba, ta sayar da ɗan kunnenta ko ta ɗauki adashi don ta biya, wannan ba ya cikin zama da kyautatawa da aka umarce mu. Kalma ɗaya ta yabo daga bakinka tana yi mata abin da kwalba uku ba za su yi ba, kuma ba ta ƙarewa bayan shekara 2.

Ku ma iyaye mata da ƙawaye, a sassauta. Sau da yawa a gidan biki ne ake fara cewa "Hajiya, lafiya kuwa? Duk kin zube." Daga nan mace ta koma gida da abin da zai hana ta barci.

GA 'YAR UWATA

Ba cewa nake ki saki jiki ki zama kaca-kaca ba. Tsafta da ado ibada ne idan an yi su a mahallinsu. Ga lalle, ga dilka, ga kurkum, ga man kaɗanya, ga kwalli mai kyau da turaren wuta, ga cin abinci mai gina jiki da samun barci. Ki yi wa mijinki kwalliyar da ta dace da shekarunki, kuma wallahi kowane shekaru da nasu kyan. Akwai kwarjinin da ke fuskar dattijuwa mai sallar dare wanda 'yar 18 ba ta da shi, ko a wace filta ta shiga. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin ki kai fuskarki ga kowa, ki yi wa kanki tambayoyin nan tsakaninki da Allah. Abin da nake son gyarawa, cuta ce ta kawo shi ko shekaru? Likitan da ba shi da ribar ko sisi a ciki, zai ce ina buƙata? Wa nake son ya gani, kuma me nake son ya zata? Kuɗin nan, akwai haƙƙin wani a kansu? In amsar farko cuta ce, ki tafi asibiti, ki nemi likitan fata ko na tiyatar gyara mai lasisi, ki ga kwalbar da idonki, Allah Ya ba ki lafiya. In kuwa shekaru ne, to ni'ima ce da wasu daga cikin waɗanda kuka yi makarantar allo tare ba su samu ba. Da yawansu suna kwance a maƙabarta da kumatunsu cike.

Wannan shi ne abin da na fahimta, kuma Allah ne Mafi sani. Wanda yake da ƙarin bayani daga likitocinmu ko malamanmu, muna maraba, cikin ladabi. A tura wa maigida shi ma ya karanta.

Allah Ya kyautata halayenmu kamar yadda Ya kyautata halittarmu. Ya sa tsufanmu ya zama cikin ɗa'a da sutura, Ya sanya tausayi tsakanin ma'aurata, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan iyayenmu. Ya haskaka fuskokinmu ranar da wasu fuskoki za su yi fari wasu su yi baƙi. Amin.